Kai Ta Inuwa

Idon Marwa ya daɗe da tafiya, kuma duk ƙauyen an sani, sai dai babu mai faɗa. Wa zai tsaya gaban Sarkin Baka ya kira shi makaho? Mutumin da a zamaninsa yake hango kunnen zomo cikin sabara tun sauran mahalba ba su gama ɗaura walki ba. Sai aka bar shi da asirinsa. In ya taho, mata su janye turmi daga hanya, samari su matsar da amalanke, shi kuwa ya wuce yana wani ɗaga kai, yana gaida kowa da sunansa, don murya kam ba ta ɓace masa.

Karya ce ke riƙe da wannan ƙaryar. Ja ce, mai yagaggen kunne, sunanta Ƙyale-su, kuma ba sai an tambaya ba an san da maƙwabta ake, masu cewa bai kamata tsoho kamarsa ya kwana rumfa ɗaya da kare ba. Wata siririyar igiyar fata ce ta taso daga wuyanta zuwa wuyan hannunsa, ta ɓuya cikin hannun riga. In akwai rami ta tsaya, in hanya ta karkata ta ture shi da kafaɗa. Da ita yake zuwa rijiya, da ita yake zuwa kasuwar Ɗan Kassari sayen taba, da ita yake zagawa bayan gari ba tare da ya roƙi hannun kowa ba. Tun da matarsa Balki ta rasu, furar da ake aiko masa biyu yake raba ta, kuma ba kullum ne shi ke shan kaso mai yawa ba.

Ɗansa namiji ɗaya ne, Mu'awiya, mai shagon kayan babur a Dogon Dutsi. Yaro ne mai hankali, kowa ya shaida. Ba ya wasa da salla, ba ya cin haƙƙin mutum, kuma ya gina wa ubansa ɗaki a gidansa, na siminti, har da fanka. Duk zuwan da zai yi ƙauye maganar ɗaya ce.

"Baba, taho mu tahi birni. Lokotoro shi duba ka, ka huta. Mi ar rage maka nan?"

"Da Ƙyale-su za mu?"

"Haba Baba. Kare cikin gidana, inda ɗiyana ka salla?"

"To ka gaida mutanen birni. Muddin tana da rai, nan nike."

Marwa ya san ɗakunan nan masu fanka. Akwai abokin farautarsa da ƴaƴa suka ɗauke haka, ya je gaishe shi ya tarar an shimfiɗa masa tabarma a zaure, in zai zaga sai ya yi ta kiran mutanen gida har muryarsa ta dishe. Marwa ya fi son ya faɗa rijiya da ƙafarsa da a kai shi irin wannan hutun.

Da rani ya tsaya, sai ga Mu'awiya da wata magana sabuwa. Yakan ƙetara iyaka sayen kaya can ƙasar Kabi, kuma mai masaukinsa, Issa, mahalbi ne ɗan mahalba. Shekara da shekaru yana cin tuwon gidansu. Su Issa sun ji sunan Marwa tun daga bakin iyayensu, suna son su zo su shiga daji bayansa ko da sau ɗaya. Mu'awiya, wanda rabonsa da shiga daji bayan ubansa tun da ya tsayar da gemu, wanda ke kiran duk al'adun farauta camfi, shi da bakinsa ya ce zai rako su. Tsohon bai nuna ba, amma daɗi kamar ya kashe shi. Ya zauna yana shafa wa kwarinsa mai, yana gaya wa karyar cewa ɗansa ya dawo.

Ranar da aka sa, baƙi suka iso da sassafe da karnukansu da gorori da bindigogin toka. Issa ƙato ne mai sanyin murya, ya durƙusa har ƙasa ya gaida Marwa. Mahalban ƙauyen, ƴan tsirarun da suka rage, suka fito. Marwa ya shiga gaba, baka a kafaɗa don ado, Ƙyale-su na gogar ƙwaurinsa. Mu'awiya ya ce shi ba halbi ya zo yi ba, ya ɗaura jarkokin ruwa a babur yana biye da su a hankali.

Mahalbi in ya wuce gonar ƙarshe, yakan ajiye Hausar gida, yadda ake ajiye takalmi a bakin ɗaki. Dalili kuwa, sun ce namun daji na jin Hausa, Doguwa mai dajin ita ma tana ji, ba ta kuma son a kira dabbobinta da suna a gabanta. Saboda haka kowane gidan mahalba da bakinsa na daji. A gidan su Marwa zomo mai kunne ne, wuƙa halshe, jini raɓa, kare kuwa ƙane, in mace ce ƙanwa. Akwai kuma abin da ba a yi ko da wasa: ba a faɗin kisa, ba a faɗin mutuwa, ba a kuka. Wanda ya yi, sun ce ya ɗauko wa gidansa masifa. A kan wannan dokar gidan su Marwa da gidan su Issa bakinsu ɗaya ne, sauran kalmomin ne kowa ya kama gabansa.

Ba a yi nisa ba aka gane haka. Wani cikin baƙin ya kwarma ihu, "Amarya! Amarya ga gabas!" Kafin ya rufe baki mutanen Marwa sun watse, wani dattijo har ya haye suri da zanzaro, baƙi kuwa sai rugawa suke cikin sabarar da ake gudu. Marwa ya tsaya cak, sanda a sama, yana jiran ya ji ta inda za ta ɓullo. A bakinsu amarya kububuwa ce, don tana kwance shiru cikin zanenta mai ado.

Mu'awiya ya kashe babur yana dariya har da riƙe ciki. "Baba, zabuwa ta! Su zabuwa su ka ce ma amarya!"

Aka yi ta dariya, aka sauko da na kan suri ana tsokanarsa wai angon da ya gudu. Daga nan tafiya ta zama ta musayar kalmomi, Mu'awiya a tsakiya yana juya wa kowa. Ya gaya wa baƙi mene ne raɓa, ya gaya wa mutanen gida cewa su Issa garwashi suke ce wa harsashi, kare kuma ƙafa. Wannan ta ƙarshen ba ta yi wa Marwa daɗi ba.

"Ƙahwa? Abin da kuka ci tare, kuka kwana tare, ka ce mai ƙahwa?"

"Haka munka taras, Baba," in ji Issa. "Shi ka gudu inda ba mu iyawa."

Marwa ya ƙyale. Ransa fari ne ƙal a ranar, ba don zabuwa ba. Ɗansa bai manta ko kalma ɗaya ba, har ya ƙaro da na wasu. Sau da yawa ya juya kai wajen ƙarar babur ɗin yana murmushi shi kaɗai.

Daji dai ya tsufa kamar masu shi. Har rana ta take, zomaye biyu ne a rataye da ƴar zabuwar nan. Sai wani makiyayi da suka tarar yana sassaƙo wa awaki ganye ya nuna musu gindin wani dutse, ya ce akwai ramin beguwa, ta hana karnukan rugarsu sakat. Aka tara ƙirare a bakin ramin, aka cinna, aka yi ta fifita hayaƙi ciki. Marwa na tsugune gefe, tafin hannunsa a bayan karyar, yana jin yadda tsokarta ke rawa.

Can sai ihu ya tashi, beguwar ta fasa ta wata ƙofa. Karnukan baƙi suka ja da baya suna haushi daga nesa, sun san abin. Nan girman kai ya ɗebi tsohon. Yana son baƙin nan su koma ƙetare da sunan Ƙyale-su a bakinsu. Ya zare igiyar daga wuyanta ya ce, "Ƙanwa, naki na."

Ta kuwa yi. Ta sha gaban beguwar ta hana ta shiga duwatsu, ta juya ta, ta sake juya ta, har masu gora suka iso. Sai dai kafin gorar farko ta sauka, beguwar ta ja da baya da ƙarfi ta soke ta. Marwa ya ji kukan, ya san na wace ce. Ya rarrafa wajen, ita ma ta jawo jiki ta zo ta sa kai a cinyarsa. Ya laluba. Ƙayoyi ne a kafaɗa da gefen ƙirji, ya cire su ɗaya bayan ɗaya yana mata magana ƙasa-ƙasa, ya tauna ganye ya tofa a wurin. Yatsunsa sun gaya masa ba su shiga da nisa ba. Ɗingishi za ta yi na ƴan kwanaki, shi ke nan. Abin da ya dame shi rana ce. Dutsen ya ɗauki zafi, harshenta a waje, tana haki kamar ƙirjin zai tsage. Ya mayar mata da igiyar a wuya.

"Sarki, halshe na jira!" mutanensa suka kira. Beguwar na gab da cikawa, kuma ba a sa mata wuƙa sai Sarkin Baka ya ɗora hannu ya faɗi abin da ake faɗi. In aka yi jinkiri ta zama mushe, a gaban baƙi.

Ya miƙa hannu ya taɓa ƙafar mutum. "Wa na?"

"Issa na, Baba."

"Madalla. Ɗana, ɗauki ƙanwata ka kai mani ita inuwa."

Issa bai motsa ba. "Inuwa, Baba?"

"Inuwa mana."

"Ni ina ganin abin bai kai nan ba. In anka ba ta lokaci..."

Marwa ya ɗauka ƙyamar ɗaukar kare yake, ransa ya ɗan sosu. "Kai yaro, ni na rene ta, ni na san ta. Ta yi abin da za ta yi, ta gaji. Kak ka bari ta ƙara wahala cikin wagga rana."

Ya ji Issa ya juya, ya ji muryarsa ta nufi wani wajen. "Mu'awiya, kai ka san bakinmu, ka san nasu. Inuwa yac ce?"

Amsar ba ta zo nan take ba. Ɗan jinkiri ne, kamar na mai haɗiye yawu.

"Ka dai ji shi da kunnenka," in ji Mu'awiya. "Inuwa yac ce."

Marwa da hannunsa ya kwance igiyar daga wuyan hannunsa ya miƙa. Karyar ta lashi yatsunsa, ta yi ɗan kuka da aka ɗaga ta. "Tahi," ya ce mata, "ina nan tahe."

A gidan su Marwa inuwa inuwa ce, gindin itace inda ake shan iska, ba su taɓa ba ta wata ma'ana ba. A gidan su Issa kuwa, tun da ba a faɗin kisa a daji, in kare ya ji raunin da ba zai tashi ba, mai shi yakan roƙi wani ya kai shi inuwa, don kada ya yi da hannunsa. Alfarma ce babba, ba a ƙin ta, ba a kuma neman bayani. Issa ya tambaya iyakar yadda dokar daji ta bar shi ya tambaya. Kalmar da za ta warware komai tana bakinsa, ita ce kuma wadda ba shi da ikon furtawa. Mutum ɗaya ne a wurin ya san inuwar nan biyu.

Marwa ya ɗora hannu a kan beguwar ya yi kirarinsa, muryarsa har tana amsawa a jikin dutsen. Baƙi suka yi tsit suna saurare, abin da suka ƙetaro iyaka don su ji ke nan. Aka yanka, aka shiga fiɗa, ana raha, ana yaba karyar. Ya ce a ware mata hanta. Ya ce Mu'awiya ya zuba ruwa a ƙoƙo a kai mata, Mu'awiya ya ce to.

Sai ya ji takun Issa yana dawowa, a hankali, shi kaɗai. Hirar baƙin ta yanke. Wani abu mara nauyi ya sauka a kafaɗar Marwa, ya kai hannu, igiyar ce.

"Don mi kak kwance ta?" ya ce yana ƴar dariya. "Yanzu za ka gan ta nan, ba ta zama in ba ni."

"Baba, na san mahalba, ban taɓa ganin mai ƙarhin zuciya irin taka ba," in ji Issa. "Bugu guda na. Ba ta wahala ba. Tana gindin aduwa, na ruhe ta da ƙaya saboda ungulu."

Marwa ya ji kalmomin ɗaya bayan ɗaya, kowace ya gane ta, haɗa su ne ya gagara. Ya murza igiyar a hannu. Akwai ɗan danshi a wajen ƙullin. Kuma a daji ake, ba a kuka, ba a faɗin sunan abin da ya faru. Shi ya koya wa duk mahalban ƙauyen nan haka. Ya buɗe baki ya rufe, sai wani sauti ya fito kamar na tsohuwar ƙofa.

"Inuwa nic ce," ya samu ya faɗa. "Ta sha iska. In ba ta ruwa."

Ɗaya daga mutanensa ya yi salati. Nan Issa ya gane. Marwa ya ji gorarsa ta faɗi ƙasa, ya ji ƙaton mutumin nan ya zube a gwiwa, sannan ya ji ya miƙe da wata murya daban.

"Mu'awiya! Na tambaye ka! Bara gaban idonka anka kai ƙahwar wana inuwa, har kat tambaye ni mi a'a nuhi, nig gaya maka. Ka sani!"

"Ni ban ƙara ba, ban rage ba," in ji Mu'awiya. Muryarsa a daidaice take, irin wadda yake gaya wa mai saye kuɗin taya da ita. "Abin da yac ce shi nim maimaita. To, ƙaddara ta riga fata. Kuma don Allah, kare na fa. Kare."

Issa ya tofar da yawu. Ya ce shi da mutanensa ba su cin naman nan, ya ce Mu'awiya ya nemi wani masauki in ya sake ƙetarawa. Duk wannan sama-sama Marwa ya ji shi. Bai tambayi ɗansa komai ba, don ɗan jinkirin nan na haɗiye yawu ya riga ya ba shi amsa. Baƙin cikin karyar daban, wannan kuma daban, ya rasa wanda zai fara ɗauka.

Ya dogara sanda ya miƙe. "Za ni in gan ta."

Ya ɗaga kai yadda ya saba, ya taka da ƙarfi. Ƙafarsa ta hagu tana jiran kafaɗar da za ta ture ta, babu. Aduwar tana yamma, shi ya nufi arewa. Mutanensa suka daskare, shekaru sun saba da kawar da kai, babu wanda ya san yadda ake ce wa Sarkin Baka ba nan ba ne. Ya ci gaba har ƙafarsa ta zurma bakin ramin beguwar, ya kifa da hannu biyu cikin tokar da ba ta huce ba. Bakan ya suɓuce daga kafaɗarsa, hularsa ta gangara.

"Ashe makaho na," wani cikin baƙin ya faɗa, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji. Babu wanda ya kwaɓe shi, don ba ta cikin kalmomin da aka hana.

Hannun da ya ɗaga shi ya san shi. Mu'awiya ya karkaɗe masa riga, ya zuba masa ruwa a tafukan da suka ƙone, ya sa masa hula, duk a natse, kamar ɗan kirki, wanda kuma shi ne.

"Kai ni wurinta," in ji Marwa.

"Hannunka ya ƙone, Baba. Hau moto tukuna."

Ya kwance jarkokin ya bar su nan, ya ɗora uban a baya. Issa ya zo ya kama gefen rigar tsohon yana neman gafara, Marwa ya dafa kansa. Babur ya tashi.

Bai tsaya a gindin aduwa ba. Marwa ya ji sanyin wata inuwa ya gifta ta kansa ya wuce, bai san ko ita ce ba. Ya ce a ransa to, gida. Ya daure, yana jira su wuce gonar ƙarshe, inda doka ta ƙare, ya shiga rumfarsa ya yi kukansa. Ya san hanyar da jikinsa ko a kan me yake. Yashi mai zurfi, sai gangaren ƙorama, sai warin turken shanu, sai muryar mata a bakin rijiya.

Yashin ya zo. Gangaren bai zo ba. Maimakon haka ƙasa ta yi tauri, babur ya shiga karkarwa a kan tsakuwa, aka daɗe ana haka. Sannan karkarwar ta ɗauke gaba ɗaya, taya ta kama wani abu sumul, gudu ya ƙaru. Wata babbar mota ta wuce su da ƙara, iskarta ta kusa fizge shi.

"Mu'awiya."

"Na'am, Baba."

"Wagga ba hanyar gida ba ta."

"Riƙe ni da kyau, Baba, akwai manyan motoci."

Marwa ya zagaya ƙonannun hannuwansa a cikin ɗansa ya riƙe. Babu wani abin riƙewa.